Jules Carde da Tarihin da Aka Rubuta daga Ofis

Wani dattijo daga nan Djamboutou ya bugo mini waya ana tsakiyar shiri, ya ce: "'Yar nan, kin ce Jamusawa sun bar Garwa a 1915. To wa ya riƙe mu bayansu?" Na ce Faransa. Ya ce ai Faransa ba mutum ba ce, suna yake so. Tambayar nan ce ta kai ni ga Jules Carde, da kuma irin rubutun da ake yi a kan rayuwarsa, wanda shi ne abin da nake ƙorafi a kai.

Duk taƙaitaccen tarihinsa da na karanta tafiyarsu ɗaya. An haife shi a Batna ta Aljeriya a 1874, ya zama kwamishinan Faransa a Kamaru daga 1919 zuwa 1923, sai babban gwamnan Afirka ta Yamma a Dakar har 1930, sai Aljeriya har 1935, ya mutu a 1949. Kai ka ce takardar neman aiki ce. Babu ƙarya a ciki, amma babu mu.

Ku dubi shekarun da kyau. Sai a watan Yulin 1922 Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta tabbatar wa Faransa riƙon amanar Kamaru. Ke nan yawancin zamanin Carde, ƙasar da aka ƙwace da bindiga yake riƙe da ita. A shekarar da ya zo ne Milner da Simon suka sa hannu kan rabon da ya bar Mubi da Dikwa ga Ingila, Garwa da Marwa ga Faransa. A hannunsa aka mai da fadar mulki Yawunde a 1921, aka kuma ci gaba da shimfiɗa layin dogon da Jamusawa suka bari. Marubutan suna lissafa wannan cikin nasarori. Aikin tilas ɗin da aka yi a Njock, inda mutane suka yi ta mutuwa, da ƙyar yake samun layi ɗaya. Arewa kuwa, inda aka bar lamidai a kan gadonsu suna tara wa Bature haraji, ko ambatonta ba a cika yi ba.

Shi ya sa nake ganin Ferdinand Oyono, duk da ƙagaggen labari ya rubuta, ya fi su kusa da gaskiya. A Une vie de boy, na 1956, yaron gida ne yake ba da labarin kwamanda, wanda yake share masa ɗaki. Ba Carde yake nufi ba, zamaninsu ma ya bambanta, amma ya san ta ƙofar da ake shiga.

Da sati ya zagayo na karanta wa dattijon sunan da shekarun. Ya ce kakansa bai taɓa jin wani Carde ba. Dogarin lamido da yake zuwa karɓar haraji kawai ya sani.