Kwanon Maraya da Rubutun Bango

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan kana neman fim ɗin da za ka kunna wa yara domin su yi shiru ka samu ka huta, to ba Oliver! ba ne. Amma idan za ka zauna tare da su har ƙarshe, na ce maka ya cancanci awa biyu da rabi da zai ci maka.

An fito da shi a Ingila a 1968. Carol Reed ne ya ba da umarni, Lionel Bart ya tsara waƙoƙin, labarin kuwa daga littafin Charles Dickens ne mai suna Oliver Twist. Ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau na shekararsa. Mark Lester, yaron da ya fito a matsayin Oliver, bai kai shekara goma ba sa'ad da aka ɗauki fim ɗin, kuma muryar da za ka ji tana waƙa ba tasa ba ce, ta wata budurwa ce, Kathe Green. Fuskarsa aka saya, fuskar kuwa ta yi aikinta.

Ka lura sosai da farkonsa, gama nan ne nauyinsa yake. Marayu na shigowa layi layi cikin ɗakin cin abinci na gidan matalauta, irin gidajen da dokar Ingila ta 1834 ta yawaita. Ana zuba musu kunu tsararo, alhali shugabannin gidan suna can wani ɗaki gaban teburi cike da nama. A jikin bango kuwa, bisa kawunan yaran, an rubuta da manyan haruffa kalmar nan ta wasiƙar Yohanna ta fari wadda take shaida ƙaunar Allah. Ƙarƙashin wannan rubutu ne Oliver ya ɗauki kwanonsa ya roƙi ƙari, aka bi shi da gudu kamar ɓarawo, daga bisani aka sayar da shi ga mai sana'ar akwatin gawa. Rubutun gaskiya ne. Masu gidan ma ba arna ba ne, mutanen ikilisiya ne masu zuwa sujada ran Lahadi. Na sha yin wa'azi a kan Yakubu 2:15-16, inda manzo ya tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi, amma ban taɓa iya zana ayar yadda wannan bango ya zana ta ba. Ko wanda ba ya jin Turanci zai gane, domin ido ne yake karantawa.

To, sai yaron ya gudu Landan, ya faɗa hannun Fagin, tsohon da yake tara yaran titi yana koya musu yankan aljihu. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne, a kogon ɓarayi ne Oliver ya fara cin abinci mai zafi, a nan aka fara yi masa fara'a.

A nan kuma nake da ƙara a kan fim ɗin. Waƙa tana da ikon wanke abin da bai wanku ba. Ron Moody ya yi wasan Fagin da gwaninta har za ka iske kana yi masa dariya, yaranka kuma suna kwaikwayon rawar sata. Dickens ya kai Fagin ga igiyar rataya. Fim ɗin kuwa ya sake shi, ya tafi yana rawa da yaronsa Dodger za su ci gaba da sana'arsu. Ba jininsa nake nema ba. Akwai wata waƙa inda yake auna ko ya tuba ko kada ya tuba, ya juya ta, ya juya ta, ya ƙare bai tuba ba, aka kuma bar mu muna tafa masa.

Tsirar Oliver ma tana da ƙaiƙayi. Ya sami gida domin an gano jinin Brownlow ne, attajirin da ya tsince shi. Sauran yaran fa, waɗanda ba su da kawu mai dukiya? Fim ɗin bai waiwaye su ba. Wadda ta fi kusa da bishara a cikinsa duka ita ce Nancy, mace mai zaman mashaya wadda ba wanda zai ba ta kujerar gaba a majami'a, ita ce ta ba da ranta domin yaron da ba nata ba.

Bill Sikes ne ya kashe ta da duka kusa da gadar Landan. Ba a nuna bugun a fili ba, amma ana jinsa. Saboda wannan, kada ka bar ɗan ƙasa da shekara goma ya kalli ƙarshen shi kaɗai. Idan aka gama, kafin a yi addu'ar kwanciya, ka tambayi yaran wane ne ya ciyar da Oliver, wane ne kuma ya rubuta aya a bango.