Taurarin Ruwan Bagaja a Idon Ɗalibin Ƙaramar Sakandare

Abin da aka fi yi wa taurarin ƙagaggun labarai a ajin ƙaramar sakandare shi ne a jera su a allo: ga babban tauraro, ga ƙananan taurari, ga halin kowa cikin kalma biyu ko uku. Ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya zuba a jarrabawa. Wannan hanya tana ba da maki, amma yaron yakan rabu da littafin bai san mutum ko ɗaya a cikinsa ba.

A ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933. Galibi akan ce wa ɗalibai Alhaji Imam jarumi ne mai wayo, Malam Zurƙe kuwa mayaudari. To amma wanda ya karanta littafin da natsuwa zai ga su biyun kusan sana'arsu ɗaya. Kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami, yau wannan ya faɗa, gobe wancan. Bambancin shi ne Alhaji ke ba da labarin da bakinsa, mai ba da labari kuwa ba ya rasa hanyar wanke kansa. Idan malami ya nemi ɗalibai su sake faɗin ɗaya daga cikin gamuwar mutanen nan biyu ta bakin Zurƙe, nan da nan aji zai rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare dole ya koma cikin littafin neman hujja. Karatun da tsarin jeri bai sa su yi ba, gardama za ta sa su yi.

Akwai kuma wata ƙofa da ta fi wannan kusa da zuciyar ɗan shekara 12 zuwa 14. Abin da ya fitar da Alhaji daga Kwantagora shi ne wulakancin da aka yi wa Liman, mijin uwarsa, a gaban fada, don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki. Yaro bai taɓa shiga duniyar aljannu ba, amma ya san zafin a muzanta babban gidansu cikin mutane, ko Bahaushe ne shi ko mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Abin mamaki, wannan fitowa ce malamai suka fi saurin wucewa don su kai ga wuraren ban dariya.

Saboda haka ya kamata jagoran malami da ke tafiya da manhaja ya ware darasi guda cur ga wannan fitowa, kafin a shiga yawace-yawacen Alhaji. Tambayoyin auna fahimta su ma su rage neman sunaye da garuruwa, su riƙa tambayar dalilin da ya sa tauraro ya zaɓi abin da ya zaɓa, da abin da zaɓin ya jawo wa wasu.