Kunya da Harshe a Littafin Édouard Louis

A shekarar 2014, yana ɗan shekara 21, Édouard Louis ya fitar da En finir avec Eddy Bellegueule, labarin ƙuruciyarsa a Hallencourt, ƙauyen ma'aikatan masana'anta a arewacin Faransa. An buga shi a matsayin ƙagaggen labari, amma tauraronsa marubucin ne kansa, da sunansa na yanka. Muryar Eddy da tafiyarsa sun saɓa wa abin da ƙauyen ke kira mazantaka, don haka an laƙaba masa sunan zagi tun kafin ya gane cewa ga maza zuciyarsa take karkata.

Littattafai irin wannan sukan bi zubi guda: wahala, juriya, sannan nasara. Louis ya kauce wa wannan turba. Yara biyu sukan tare Eddy a wani lungun makaranta, su tofa masa yawu, su doke shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne da ƙafarsa yake kai kansa lungun, domin gara a doke shi a ɓoye da a gan shi ana dukansa. Ashe jigon littafin kunya ce, wadda ke sa wanda aka zalunta ya taya azzalumi rufa asiri. Eddy ya kaurara murya, ya nemi 'yan mata, kuma sai da duk wannan ya ci tura sannan ya tafi karatu Amiens.

Salon ma yana ɗauke da wannan rauni. Maganar mutanen ƙauye tana zuwa cikin rubutun tsutsa, mai ba da labari kuwa yana amfani da Faransancin masu ilimi. A nan littafin yake da ƙarfi, a nan kuma yake da aibi. Ya nuna cewa talauci da aikin da ya lalata bayan mahaifinsa ne suka haifi wannan taurin zuciya, amma iyayen ba su sami bakin kare kansu ba, kuma mai karatu na birni yana iya mayar da su abin kallo. Eddy ya tsira, sai dai harshen da ya ba da labarin da shi ba na gidansu ba ne. Wataƙila shi ya sa a 2018 Louis ya koma kan mahaifinsa da littafin Qui a tué mon père.