4.3 Sharhi a Kan Tanadin Dokar Ƙwadago Game da Lokacin Aiki da Lokacin Iyali

A sashen da ya gabata an bayyana yadda Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ta tsara dangantaka tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. A wannan sashe kuwa za a auna wannan tanadi da sikelin rayuwar iyali, domin a gano ko wanda ya tsaya a kan abin da dokar ta ce kawai ya sauke nauyin ma'aikatansa. Ra'ayin wannan nazari shi ne bai sauke ba, saboda dalilan da za su biyo baya.

Da farko, akwai batun awoyin aiki. Sashe na 13 bai ƙayyade yawan awoyin da za a yi a rana ko a mako ba, sai ya bar shi ga yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, ko ciniki da ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi. Abin da ya tabbatar shi ne hutun awa 1 ga wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye, da hutun kwana 1 a cikin kowane kwana 7. Raunin wannan tsari a fili yake, domin mai neman aiki a lokacin da aiki ya yi wuya ba shi da bakin yin ciniki. Duk abin da aka gindaya masa zai amsa. Alhali kuwa tun a shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu.

Na biyu, sashe na 18 ya ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan ya yi wata 12 a jere. Alal misali, mutumin Sakkwato da ke aiki a wata masana'anta a Legas, wanda iyalinsa ke gida, hanya kaɗai za ta cinye masa aƙalla kwana 2 zuwa da dawowa. Abin da ya rage shi zai raba tsakanin iyaye da mata da 'ya'ya da gaisuwar rasuwar da aka yi ba ya nan. Wannan ba hutu ba ne, canjin wahala ne kawai.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne hutun haihuwa. Sashe na 54 ya ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin. Mako 6 kwana 42 ne, wato ke nan mai jego a ƙasar Hausa za ta koma bakin aiki kwana 2 kacal bayan ta yi arba'in. Daga nan abin da dokar ta ba ta shi ne rabin awa sau 2 a rana domin shayarwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Rabin awa ba zai kai ma'aikaciyar Sharaɗa ko Bompai gida ta dawo ba. Ashe ke nan wannan haƙƙi ba shi da amfani sai in akwai wurin ajiye jarirai kusa da wurin aiki, dokar kuwa ba ta wajabta shi ba. Haka kuma an rage albashi a daidai lokacin da hidimar gida ta ƙaru. Yarjejeniya ta 183 ta shekarar 2000 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nemi aƙalla mako 14 da kashi 2 cikin 3 na albashi, don haka tanadin Nijeriya ya gaza ta fuska biyu.

Bugu da ƙari, akwai abubuwan da dokar ta yi shiru a kansu. Ba ta ambaci hutun uba ba, ko da na ranar suna ne. Ba ta ambaci takaba ba, wadda ke ɗaukar wata 4 da kwana 10 ga matar da mijinta ya rasu. Sannan sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, sai ya zamana abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne gatansu.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa dokar mafi ƙarancin haƙƙi ta tsayar, ba ta hana a ƙara ba. Wasu gwamnatoci, a matsayinsu na masu ɗaukar ma'aikata, sun nuna ƙarin mai yiwuwa ne. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun mayar da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatansu mata. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza idan an yi musu haihuwa. Amma duk wannan a aikin gwamnati ya tsaya. Malamar makaranta mai zaman kanta da mai jiran kanti da leburan masana'anta suna nan a kan tsohon ma'auni.

Masu ƙananan kamfanoni suna iya cewa ba su da ƙarfin biyan albashin wata 6 ga wadda ba ta aiki, kuma wannan magana ce mai tushe. Muddin nauyin yana kan kamfani shi kaɗai, wasu za su guji ɗaukar matan aure. Shi ya sa yarjejeniyar da aka ambata ta fifita a riƙa biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. Duk da haka, akwai matakan da ba sa cin kuɗi mai yawa: a fitar da jadawalin aiki da wuri domin ma'aikaci ya tsara hidimarsa, a yarda abokan aiki su yi musayar lokaci, a haɗa wa mai shayarwa rabin awa biyun ta tashi da wuri, a ware ɗaki guda na jarirai, a kuma rubuta kwanakin suna da na rasuwa a cikin sharuɗɗan aiki maimakon a bar su ga alfarmar manaja.

A taƙaice, dokar ta ɗauki ma'aikaci tamkar wanda ba shi da kowa a bayansa. Wanda ya tsaya a kanta ya kuɓuta daga kotu, amma bai kuɓuta daga fashin aiki da gajiya da ajiye aikin ƙwararrun mata ba. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sashe na gaba zai dubi rawar da ƙungiyoyin ƙwadago za su iya takawa wajen cike wannan giɓi.