Uban da Adabi Ya Manta da Shi a Bakin Kotu

Tun da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, masu karatun Hausa suka san wata sura ta uba wadda ta zauna a zukata. Alhaji Abdu ya saki Rabi, ya bar ta da ɗawainiyar ƴaƴa tara, ya koma wa sabuwar amarya, sai da gobara ta cinye dukiyarsa sannan ya tuna da gidan da ya rusa. Littafin ya faɗi gaskiya, kuma matan da aka saki suka ga rayuwarsu a cikinsa. Sai dai marubuta da masu shirya fim da suka biyo baya sun riƙe wannan sura kamar babu wata. Uban da yake neman ɗansa bayan rabuwar aure, yana kai da komo tsakanin fada da kotu, bai samu mai ba da labarinsa ba.

Wannan uba kuwa yana nan a ƙasar Kurfai da Tagazar. Kafin 2011, lokacin da Baleyara ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tana ƙarƙashin Filinge ne, kuma can mai ƙara yake dosa idan sulhu ya gagara a gaban maigari da sarki. Mai sayar da dabbobi a kasuwar Lahadi yakan bar cinikinsa, ya biya kuɗin mota, ya tarar an ɗage zama, ya dawo hannu biyu. Idan an zauna, shari'ar da Faransanci ake rubuta ta, shi kuma ta bakin tafinta yake jin makomar ɗansa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne hukunci uku da ke gabansa. A al'adar da aka saba, uwa tana riƙe yaro har ya kai kamar shekara bakwai, sannan ya koma gidan ubansa. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda almajirai ke karanta shi a Risala, ya bar wa uwa reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin miji, ciyarwa tana wuyan uba. Ita kuma dokar tsarin kotuna ta 1962, da ta 2004 da ta maye gurbinta, sun umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu shari'a a zancen aure da saki, tare da mashawarta masana al'ada. Ta 2004 ta gindaya sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. An yi yunƙurin haɗa kundin dokar iyali a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun suka ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Saboda haka uba yakan shiga kotu da hujjar da ya gada daga kakanni, ya fito da hukuncin da bai fahimci tushensa ba.

A Amurka, fim ɗin Kramer vs. Kramer na 1979 ya nuna uban da ya koyi renon ɗansa bayan tafiyar matarsa, sannan kotu ta ba uwa yaron. Ƙarfin fim ɗin shi ne bai mayar da uwar azzaluma don a tausaya wa uban ba. Wannan ne darasin da marubucin Hausa zai ɗauka, domin labarin uban Baleyara ba zai yi daɗi ba idan aka wanke shi tas. Sau da yawa igiyar sakin a hannunsa take, kuma shi ya tsinka ta. Wani yana neman yaro ne don ya huta da kuɗin ciyarwa, wani don ya baƙanta wa tsohuwar matarsa, ya kai yaron hannun kishiyar uwa. Wani kuma son ɗansa ne kawai ya hana shi barci. Marubucin kirki zai sa mai karatu ya zauna da su ukun, ya bambance su da kansa.

Malaman makaranta su ne shaidun farko na wannan rikici, don su ke ganin ɗalibin da ya ɓace daga aji a tsakiyar shekara saboda an ɗauke shi daga unguwar uwa zuwa ƙauyen uba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da ke Filinge da Baleyara suna da abin da za su ɗora a dandali: zaman sulhu a fada, tafinta a kotu, kaka mai kuka, da yaron da ake magana a kansa ba a tambaye shi ba. Idan aka rubuta wasan da adalci, uba zai ji an saurari kukansa, kuma zai ga rabonsa na laifi a gaban jama'ar garinsu.