Rufin Asiri a Zamanin Wayar Hannu

Mai ginin gida a Garuwa yakan fara da katanga da zaure. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai an yi masa izini. Wannan al'ada tana koyar da cewa kowane gida yana da abin da ya ke nasa shi kaɗai, kuma rufin asiri yana cikin mutuncin ɗan adam. Amma wayar hannu ta shigo ɗaka ba tare da sallama ba, tana kuwa fitar da labarin gida kowace rana.

A shekara ta 2015 gwamnatin Kamaru ta ba da umarni cewa kowane layin waya sai an yi masa rajista da katin shaidar mai shi. Dalilin yana da ƙarfi, gama a lokacin 'yan Boko Haram suna kashe mutane a yankin Marwa da kan iyaka. Amma tun daga nan kamfanoni irin su MTN da Orange suna riƙe da sunan mutum haɗe da lambarsa. Na'urorinsu suna rubuta wanda ya kira, da lokacin kiran, da unguwar da ya ke tsaye. In yana aika kuɗi ta waya, an san nawa ya aika da wanda ya karɓa. A 2019 kuma aka buɗe cibiyar lura da kyamarorin tsaro a Yawunde, da taimakon kamfanin Huawei na ƙasar Sin.

Waɗansu sukan ce marar laifi ba shi da abin ɓoyewa. Abin da ya faru a kudancin ƙasar ya ƙaryata wannan magana. Wani saurayi, Fomusoh Ivo Feh, ya tura wa abokinsa saƙon barkwanci game da Boko Haram. Wani malamin makaranta ya ga saƙon a wayar ɗalibi, ya kai wa 'yan sanda. A 2016 kotun soja ta yanke wa Ivo da abokansa biyu ɗaurin shekara 10. Idan saƙo guda da aka tsinta cikin waya guda ya jawo haka, ina ga rumbun da ya tara bayanan miliyoyin mutane?

Ban da haka, ba kowane abin ɓoyewa ne laifi ba. Matar da ke neman shawarar fasto a kan aurenta, da majiyyacin da ke kiran asibiti, da manomin auduga da bashi ya yi wa yawa, ba su yi wa kowa laifi ba. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk mai kiwon ikkilisiya ya san cewa mutum ba ya buɗe zuciyarsa sai ya tabbata maganar za ta tsaya inda ya ajiye ta.

Sai a Disamba 2024 Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane, wato shekara tara bayan an tilasta rajista. An cika rumbu kafin a yi masa ƙofa. Dokar ta yi kyau da ta ce kada a tara bayanan mutum sai da yardarsa. Sai dai wace irin yarda ce wannan, alhali sharuɗɗan suna cikin Faransanci ko Turanci, mai sayen layin kuwa Fulatanci ko Hausa ya ke ji? Yakan miƙa katinsa ne domin ba shi da wata hanya.

Tsaron ƙasa wajibi ne, amma amana tana kan wanda aka ba ajiya. Ya kamata a bayyana wa jama'a cikin harsunansu abin da ake tarawa, da tsawon lokacin da za a riƙe shi, da wanda ke da ikon dubawa. Ikkilisiyoyi ma suna da nasu rabo, domin suna ajiye da sunayen membobi da lambobinsu. Kada a yaɗa roƙon addu'ar wani ko hotonsa a WhatsApp sai an tambaye shi. Wanda ke neman hukuma ta rufa masa asiri, sai ya fara rufa na ɗan'uwansa.