Akwatin Talabijin da Hirar Dare a Gidan Bahaushe

Kafin akwatin talabijin ya shigo ƙasar Hausa, lokacin hutun iyali sananne ne, watau tsakanin sallar lisha da kwanciyar barci. Magidanta su zauna hira a ƙofar gida, 'yammata su tafi dandali gaɗa, yara kuwa su kewaye kaka don tatsuniya. Abin lura a nan shi ne, tatsuniya ba aikin baki ɗaya ba ce. In mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba za ta ci gaba ba sai an amsa mata. Yaro yakan karɓi waƙar da ke cikin labari, yakan ba da gari idan kacici-kacici ya gagare shi, kuma daga bisani juyi ya zo kansa, shi ma ya bayar da tasa. A wannan makaranta ce yake koyon jera zance da karin magana. Da wannan ma'auni muke so mu auna talabijin.

An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. A wancan zamani akwatin bai yawaita ba, har unguwa guda takan dogara ga gida ɗaya. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kuma tana rufewa wajen tsakar dare. Wannan ƙaranci, ko da yake ba da niyya aka yi shi ba, ya yi wa al'ada rana, domin ya tara jama'a a tabarma ɗaya, ya kuma yi wa kallo iyaka.

Wasannin lokacin ma sun dace da irin wannan taro. Alal misali, *Samanja Mazan Fama* na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya ɗauko Hausar bariki da gwamutsa ta da Turanci ya mai da ita abin raha, ta yadda ɗan kallo yana dariya yana kuma gane inda aka karya harshe. Haka Ƙasimu Yero da Karkuzu suka riƙe masu kallo da kaifin baki, ba da kayan ado ba. Wasa yakan zo sau ɗaya a mako, saboda haka ana samun kwana shida ana kwaikwayonsa a makaranta da kasuwa. Watau akwatin ya karɓe wurin kaka, amma bai rufe wa yara baki ba.

Al'amarin ya sauya tun daga 1990, sa'ad da fim ɗin *Turmin Danya* ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Kano, aka sami abin kallo a kowane lokaci. Tauraron ɗan Adam ya ƙara yawan tashoshi, Arewa24 ta soma watsa shiri da Hausa dare da rana a 2014, finafinan Indiya da aka fassara suka cika ɗakuna, daga ƙarshe wayar hannu ta raba wa kowa nasa akwatin. A yau sai ka tarar da mutum biyar a ɗaki ɗaya, kowa da abin da yake kallo, ba mai ce wa wani uffan.

Ba mu ce shirye-shiryen yanzu sun gaza na da ba. *Daɗin Kowa* da *Labarina* sun nuna gwaninta wajen ƙulla labari mai dogon zango, kuma Hausa ba ta taɓa samun fili a talabijin kamar na yau ba. Sai dai jin harshe daban, sarrafa shi daban. Yaron da ya wuni yana sauraron Hausa daga akwati, ba a tambaye shi ba, bai amsa ba, zai tashi da kunne cike da kalmomi, amma a ce ya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe sai ya kama inda-inda.

Don haka ra'ayinmu shi ne, darajar shiri ba ta tsaya ga abin da aka gani a allo ba, tana ga hirar da ya haifar bayan an kashe akwati. Wannan kuwa nauyi ne na masu gida kafin masu tasha. A zaɓi shiri ɗaya a kalla tare, in ya ƙare a kashe, a ce wa yaro ya maimaita abin da ya gani, a yi masa gardama, ya kare kansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan aka bar wa na'ura dukan magana, to, ranar da jikokinmu suka zama kakanni, ba za a sami mai cewa "Ƙurunƙus" ba.